Doguwar Bindiga Mai Liba da ke Cin Harsashin Libarba: Tambayoyi da Amsoshi

A Amurka akwai wata bindiga da ta ƙi tsufa. Tun zamanin da ake ratsa yammacin ƙasar a keken doki ake rataye da ita, har yau kuma kamfanoni suna fitar da sabbi, kasuwarsu na ci. Ga tambayoyin da masu niyyar zaɓen ɗaya suka fi yi, da na waɗanda suka ganta a finafinan kaboyi suke so su san cikinta.

Wace irin bindiga ce, kuma yaya take aiki?

Doguwar bindiga ce ta kafaɗa, mai wani mariƙin ƙarfe a bayan kunama wanda yatsu uku ke shiga. Shi ne libar. Ka tura shi ƙasa, sakata ta ja baya, ta fizgo kwanson da aka harba ta jefar, ta kuma ɗana hamar da ke baya. Ka maido shi sama, sabon harsashi ya shige mazauninsa, sakata ta kulle. Harsasan suna jere ne a wani siririn bututu da ke kwance ƙarƙashin babban, kan wannan a gindin wancan, sifirin na turo su ɗaya bayan ɗaya. Ba ta sarrafa kanta. Kowane harbi sai hannu ya yi aiki.

Akwai masu cin manyan harsasai irin .30-30 da .45-70. Ba su muke magana ba. Namu su ne masu cin gajeren harsashin da aka yi don libarba: .357 Magnum, .44 Magnum, .45 Colt da danginsu.

Me zai sa mutum ya zuba harsashin ƙaramar bindiga a doguwa?

Asalin abin larura ce. Bindigar Henry ta 1860 da Winchester ta 1866 duk gajeren harsashi suke ci, don ƙarfen makullinsu ba zai ɗauki dogo ba. Hakan bai hana su yin suna ba. A 1877, a yaƙin Plevna da ke Bulgeriya ta yau, sojojin Turkawa sun yi wa na Rasha ɓarna sosai da Winchester 1866 a harbin kusa.

Da Winchester ta fito da samfurin 1873 tare da harsashin .44-40, ba a jima ba kamfanin Colt ya soma ƙera libarbarsa da wannan harsashin. Makiyayin da ke tafiyar kwanaki kafin ya ga kanti sai ya huta: ɗamara ɗaya ta harsashi ta ishi ta ƙugu da ta sirdi. Lura da cewa a wancan karon harsashin doguwa ne ya gangaro wa ƙarama. A ƙarni na 20 ne abin ya juya, aka riƙa ɗaukar harsasan da aka yi wa libarba, .357 Magnum na 1935 da .44 Magnum na tsakiyar shekarun 1950, ana sa su a dogaye.

Yau ba larurar kanti ke jan mutane ba. Sauƙin kuɗin harsashi ne, da rashin dukan kafaɗa, da rashin nauyi, da kuma daɗin harbi, wanda masu ita ba sa jin kunyar faɗa.

Ƙarfin harsashin yana ƙaruwa ne idan ya fito ta dogon bututu?

Sosai, amma ba kowanne ba. Ɗauki .357 Magnum mai kai giram 10 da ɗoriya, wanda a kwali za ka ga an rubuta 158, wato nauyinsa a ma'aunin grain. Daga libarba mai bututu inci 4 yana fita da gudun kimanin ƙafa 1,240 a sakan, wato wajen mita 380. Daga bututu inci 18 ko 20 yana kaiwa kusan ƙafa 1,800, wajen mita 550. Tunda ƙarfin duka yana bin gudu ne ninki a kan ninki, wannan ƙari ya kai ƙarfin ya ruɓanya. Shi ma .44 Magnum mai kai giram 15 da rabi yana kaiwa wajen ƙafa 1,750 daga doguwa.

Dalilai biyu ne. Albarushin harsasan Magnum a hankali yake cin wuta, don haka a gajeren bututu dalma na ficewa kafin turin ya ƙare, sauran ya tashi a ƙara da walƙiya. Sannan libarba tana da ɗan gibi tsakanin gangarta mai juyawa da bututu, iska na tserewa ta nan. Doguwa ba ta da wannan gibin.

Harsasai masu sanyi, irin .38 Special da .45 Colt na gargajiya, ɗan abin da suke ƙarawa bai kai haka ba, saboda albarushinsu kaɗan ne kuma da wuri yake ƙonewa.

To wanne zan ɗauka: .357, .44 ko .45 Colt?

Nan ne zaɓin yake, ba a sunan kamfani ba. Ka fara tambayar kanka me za ka fi yi da ita, ba abin da kake mafarkin yi sau ɗaya a shekara ba.

Ga mafi yawan mutane .357 Magnum ce amsa. Tana cin .38 Special, wanda ya fi araha kuma kusan ba ya motsa kafaɗa, har sabon shiga ko mai ƙaramin jiki zai wuni yana harbin gwangwani bai gaji ba. In an zuba mata cikakken .357 kuwa ta isa barewar Amurka mai farar wutsiya a tazarar da ba ta wuce kima ba, muddin an zaɓi kai mai nauyi da aka yi don farauta. Wannan sharaɗin ba na wasa ba ne. Kan harsashi mara nauyi mai rami a baki, wanda aka ƙera don gudun libarba, yana iya tarwatsewa da wuri in ya fito da gudun doguwa, ya yi rauni a sama bai shiga ciki ba. Dabba ta gudu da ciwo, maharbi ya koma gida da haushi.

Wanda farauta ce gabansa, musamman aladun daji da suka addabi manoman Texas, ko manyan dabbobi a kurmi, .44 Magnum ta fi masa. Dalmarta ta fi faɗi ta fi nauyi. Illarta biyu ce: harsashi ya fi tsada, kuma a bindiga mara nauyi mai farantin ƙarfe a gindin ƙota, za ka san ka yi harbi. Ita ma tana cin ƙaninta .44 Special, sai dai shi ba arha gare shi ba kuma ba kowane kanti ake samunsa ba, don haka kada ka sa shi a lissafin tattali.

Ita .45 Colt ta masu sha'awar tarihi ce da masu ɗura harsashinsu da kansu a gida, abin da doka ta yarda da shi a Amurka. Abin dariyar shi ne, harsashin ya fito tun 1873, amma a zamanin kaboyi ba a taɓa sa shi a bindiga mai liba ba. Leɓen gindin kwanson wancan lokaci ƙarami ne, ƙugiyar da ke fizgo kwanso ba ta samun wurin kamawa. Sai a shekarun 1980 aka fara. Akwai kuma haɗari guda: ana sayar da .45 Colt iri biyu, mai sanyi na tsofaffin bindigogi da mai zafi da aka ɗura don ƙaƙƙarfan ƙarfe. Kada a sa mai zafin a ƙirar Winchester 1873, ko da kuwa sabuwa ce fil.

Akwai .41 Magnum da .327 Federal da tsohon .44-40. Duk suna aiki. Amma in ba ka riga ka mallaki libarbar da ke cinsu ba, neman harsashi zai gajiyar da kai.

Ana cewa wasu ba sa karɓar .38 Special da kyau. Gaskiya ne?

Akwai ƙamshin gaskiya. Kwanson .38 ya gaza na .357 da kimanin milimita 3 da rabi, ita kuwa 'yar tiren da ke ɗago harsashi daga bututun ajiya an auna ta ne da tsayin .357. In harsashi ya cika gajarta, na bayansa kan leƙo ya tokare ta, liba ta tsaya cak a buɗe. Ƙirar Winchester 1892 tana cikin masu tsirfa a kan tsayin harsashi. Maganin shi ne a gwada kwali ɗaya kafin a sayi katan, a kuma guji masu kai a daddaɗe da ke nutse cikin kwanso, waɗanda aka yi don huda takarda.

Sai wani abu da ke ba sabbin masu ita mamaki. Bayan an harba .38 da yawa, baƙin toka yakan yi zobe a cikin mazaunin harsashi, daidai inda gajeren kwanson ya tsaya. Ka zo sa .357 ka ji ya cije, ko bayan harbi kwanso ya ƙi fitowa. Bindigar lafiyarta lau. Burushi da man wanki kawai take nema.

Nisan da za ta iya kaiwa fa?

Mita 100, ko ɗan fiye ga gwani. Harsashin gajere ne mai dunƙulen kai, iska na cin gudunsa da sauri. In ka saita ta a yadi 100, kafin yadi 200 dalma ta sauka da wajen santimita 40, ƙarfinta kuma ya ragu ƙwarai. Buga farantin ƙarfe a wannan tazara wasa ne mai daɗi, harbin dabba kuwa zalunci ne. Mai farauta a fili fetal irin na Wyoming ya nemi wata bindigar. Amma kada wannan ya ruɗe ka game da haɗari: dalmar da ta kuskure tana iya tafiya fiye da kilomita, don haka sai ka san abin da ke bayan abin da kake hari.

Ina jin 1873, 1892, 1894. Mene ne bambancinsu?

Shekarun da ƙirar ta fito ne, kuma kusan duk abin da ke kasuwa yau jikan ɗayansu ne.

Winchester 1873 tana kullewa da wasu ƙarafa biyu masu lanƙwashewa a tsakiya, su miƙe idan an rufe. Ba ita ce mafi ƙarfi ba, tana da nauyi, amma babu wadda ta kai ta santsi, kuma harsashi a miƙe yake shiga ba a karkace ba, shi ya sa ba ta cika cijewa. Masu gasar sauri ita suke so. An ƙera kusan 720,000 na asali. Na yau Uberti ke yi a Italiya, sai Miroku a Japan, wanda shi ke ƙera masu ɗauke da sunan Winchester.

Ta 1892 aikin John Browning ce. Ya ɗauki makullin babbar bindigarsa ta 1886 ya ƙanƙanta shi: sanduna biyu na ƙarfe suna hawowa su datse sakata ta baya. Siririya ce, ba nauyi, ga ƙarfi. An ƙera fiye da miliyan ɗaya. Aibinta, ta sama take tofar da kwanso, yakan tashi ya faɗo maka a kan hula ko cikin wuyan riga da zafinsa, kuma hakan ya hana a ɗora madubin hange daidai saman sakata. Rossi na Brazil ke yin mai araha, R92. Sabuwarta takan zo da ɗan gantsi, kamar sabon takalmi, sai an taka kafin ta saki. Chiappa da Miroku suna yin masu tsada da suka fi gyaruwa.

Marlin 1894 samanta a rufe yake, ta gefe take jefar da kwanso. Ɗora madubi ko na'urar saiti mai jan ɗigo ba wahala, ruwa da datti ba sa faɗawa ciki, kuma kwance sukuru ɗaya ya isa ka zare liba da sakata ka wanke bututu ta baya. Ga mafarauci, musamman wanda ido ya fara gajiya, wannan ce ta fi dacewa. Kada a haɗa ta da Winchester 1894, wadda aka yi don dogon harsashi irin .30-30. An taɓa sa wa waccan gajerun harsasai, amma ba gidansu ba ne.

Henry Big Boy ita ma ta gefe take zubarwa. Kamfanin na 1996 ne, suna kawai ya ara, ba shi da jini ɗaya da Henry ta 1860. Mai jikin tagulla da bututu mai kusurwa takwas kyakkyawa ce ƙwarai, amma ta kusa kilo 4. Mai jikin baƙin ƙarfe ta fi sauƙin ɗauka. Smith & Wesson ma ya shigo fagen a 2024 da samfurin 1854.

Ɗura ta gefe ko ta bakin bututu?

'Yar ƙofar gefe, wadda aka fara sa wa Winchester 1866, tana ba ka damar ƙara harsashi ba tare da ka sauke bindiga ba. Sai dai sifirinta na da tauri a sabuwa, gefenta kuma na da kaifi. Kafin ka tura na goma, fatar babban yatsa ta gaya maka. Dabarar tsofaffin hannu ita ce kada ka tura harsashi har ƙarshe: bar gindinsa a waje ya riƙe ƙofar, ka tura shi da kan na gaba.

Henry ta daɗe tana amfani da hanyar murɗe bututun ciki a zaro shi, a zuba harsasai ta wata 'yar taga. Ɗurawa ba ciwo, sauke kaya kuma ya fi aminci, don ba sai ka bi da kowane harsashi ta mazauni ba. Illarta, hannunka na yawo kusa da bakin bindiga, saboda haka dole liba ta kasance a buɗe, mazauni ba komai. Daga 2019 kamfanin ya soma haɗa hanyoyin biyu a bindiga ɗaya, gardamar ta yi sanyi.

Me ya sa ake hana harsashi mai tsini?

Tuna yadda suke jere. Kan kowanne na dafe da maƙyastin da ke gindin na gabansa. In kan mai tsini ne mai tauri, girgizar harbi na iya sa shi ya tayar da na gaba, bututun ajiya ya fashe a hannunka na hagu. Shi ya sa ake amfani da mai kai a baje ko mai rami. Hornady yana yin wani mai tsinin roba mai laushi, LEVERevolution, wanda aka yi don kauce wa wannan.

Inci 16 ko 20?

Dokar tarayyar Amurka ta sa inci 16 a matsayin mafi gajarta ga doguwar bindiga in ba da rajista ta musamman ba. Mai inci 16 ta fi sauƙin juyawa a kurmi, tana ɗaukar harsashi 7 ko 8, gudun da take rasawa kuma bai taka kara ya karya ba. Mai inci 20 tana ɗaukar 10, ta fi zama a hannu wajen saiti. Mai shirin gasar kaboyi ya ɗauki mai cin goma, don yawancin zagaye goma ake harbawa.

Akwai mai cin 9mm? Ai shi ya fi araha.

Da ƙyar. Harsashin fistol mai sarrafa kanta ba shi da leɓen da ya fito a gindi, ƙirar liba kuwa da wannan leɓen ta saba aiki. Akwai 'yan ƙalilan na zamani masu gidan harsashi da ake cirewa, amma wani dangi ne daban.

In .30-30 ta fi ƙarfi da nisa, me ya hana kowa ya ɗauke ta?

Ta fi, babu musu: tana fitar da kai mai giram kusan 10 da gudun da ya haura ƙafa 2,300. Amma doka da wurin harbi sukan yanke hukunci kafin mai saye. Wasu jihohin tsakiyar Amurka, masu shimfiɗaɗɗiyar ƙasa da gidaje kusa da gonaki, sun daɗe da hana farautar barewa da harsashi mai dogon zango. Daga baya suka yarda da masu miƙaƙƙen kwanso mara wuya: Ohio a 2014, Iowa a 2017. Harsashin .30-30 yana da wuya, .357 da .44 ba su da shi. A Ohio kuma ba a yarda mafarauci ya zuba fiye da uku a bindiga ba, komai yawan da take ɗauka.

Gasar kaboyi da ƙungiyar SASS ke shiryawa tun 1987 harsashin libarba ta wajabta a babban zagaye, da kan dalma zalla, don faranti na kusa. A Birtaniya kuwa, bayan kisan yara a makarantar Dunblane a 1996 da haramta ƙananan bindigogi a 1997, masu gasar fistol da yawa sun koma wa Marlin mai cin .38 da .357, saboda filayen harbinsu an gina su ne don wannan harsashi.

Mutum zai iya mallakarta a Najeriya?

Ba yadda ake yi a Amurka ba. Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi uku. Libarba da fistol da bindigogin soja suna rukunin da aka haramta, sai da izinin Shugaban Ƙasa. Bindigogin farauta na zamani sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda. Bindigar toka ta maharbanmu, mai ɗuri ta baki, lasisinta na hannun Kwamishinan 'yan sandan jiha. Harsashi ma yana ƙarƙashin dokar, shigo da shi ko bindiga ba izini laifi ne mai ɗaurin shekaru. Ɗan uwa da ke zaune a Amurka shi ma ya binciki dokar jiharsa da matsayin takardunsa, don mai bizar ɗan lokaci ba daidai yake da ɗan ƙasa ba a wannan fanni.

Zan sayi ta hannu. Me zan duba?

Da farko ka buɗe liba, ka leƙa mazauni, ka kuma tabbatar kana ganin kan abin da ke turo harsashi a bakin bututun ajiya. Harsashi yakan maƙale a can ciki ya fito daga baya, don haka jan liba sau biyu ba shaida ba ce cewa babu komai.

Daga nan ka duba tsagewa a katakon ƙota inda ya haɗu da ƙarfe, ka duba kawunan sukurori ko wani ya ci su da sukudireban da bai dace ba, ka ga ko tsinin saiti na gaba a tsaye yake ko ya karkata. Ka haska bututu da tocila. Ka ɗana hama rabi ka danna kunama a hankali: in ta faɗi, akwai gyara.

In Marlin ce, tambarin da ke jikin bututu kusa da gindinsa zai gaya maka zamaninta. Mai harufan JM aikin tsohuwar masana'antar Connecticut ce, kuma ita masu tarawa ke bi. Remington ya sayi kamfanin a 2007, ya kwashe aikin daga can, kuma na farkon shekarun ƙaurar sun sha suka kan rashin kyan haɗi, don haka irinsu sai an juya su da kyau a hannu. Ruger ya saye shi a 2020 bayan Remington ya karye, ya dawo da 1894 kasuwa a 2023. Ga mai .44 akwai ƙarin bambanci: tsagar cikin bututun tsofaffin tana zagayawa sau ɗaya a inci 38, wanda ba ya juya kai mai nauyi sosai yadda ya kamata, na Ruger kuwa sau ɗaya a inci 20. In niyyarka harba masu giram 19 zuwa sama ce, sabuwar za ka nema.